Filasha Don Jakunkunan Baba

Yaya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa gwargwadon nisan da ke tsakaninmu, da fatan kana lafiya, kai da Anti da 'yar jaririyarku. Umma ta ce in rubuta maka cewa kowa lafiya lau, gida lafiya, shago lafiya. To ga shi na rubuta.

Takarda na zaɓa ba waya ba, domin duk sanda na kira ka Umma na tsaye a kaina tana gyara min magana da ido, kai kuma kana tsakiyar hayaniyar ɗakin taro kana ce min za mu yi magana. Har yau ba mu yi ta ba. Direban motar kayan nan da ke bi ta wajenku ya ce zai riƙa kai maka, ya kawo amsa in ka ga damar bayarwa.

Ga abin da ke tafe da ni. Tun da ka bar min tsohuwar kyamararka nake ɗaukar jakunkunan fatar da Baba ke ɗinkawa, in kai wa matar nan Mai Kanti ta sa a shafinta na intanet. Ka san yadda a da jaka ke rataye a ƙofar shago, rana na cin ta har ta koɗe kafin wani ya taya. Yanzu mutanen da ba su taɓa taka layinmu ba suna aikowa a ɗinka musu. Ba wanda ya ce min sannu, ban kuma nema ba.

Sai ga shi an dawo da jaka. Ruwan zuma ce, a hoto ta fito ruwan hanta, wadda ta saya ta ce ba abin da ta gani ke nan ba. Da gaskiyarta. Mai Kanti da kanta ta kawo ta, ta dire ta a kan teburin yanka a gaban Baba, gaisuwar ma a tsaitsaye. Kai ka san tun kafin a haife mu ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya juya jakar, ya shafa ta, ya ce da ni, "Ni ban taɓa yi wa mutum ƙarya da fata ba. Ba za a fara yi min ita da hoto ba."

Ga hukuncin da ya yanke. Akwai sababbin jakunkuna da yake kan ɗinkawa, Mai Kanti na jiran hotunansu. In hoto ya fito daidai da jaka a idonsa, in ci gaba. In bai fito ba, kyamara ta bar shagon, ni kuma in koma teburin gam inda ka baro ni, ina shaƙar warin nan har kaina ya riƙa juyawa. Gara in yi dako a tasha.

Laifin ba na kyamara ba ne, na haske ne. 'Yar fitilar da ke jikinta marin fata kawai take yi, sai ka ga farin tabo a tsakiyar jaka kamar an manna mata takarda. Doguwar fitilar shago tana sa komai ya yi kore-kore kamar mai jinya. Hasken taga kuwa da safe launi ɗaya, da la'asar wani, gajimare ya gitta wani daban. Filasha nake buƙata, ta waje, wadda ake ɗorawa a cire.

Ka nutsu a nan, don na san halinka na karanta layin farko da na ƙarshe. Ina son wadda ni zan saita ƙarfin haskenta da hannuna, in na ce kaza ta tsaya a kaza har in gama. Kanta ya zama yana ɗagawa yana juyawa. Wanda ya fi duka, ta zo da makunnin nesa, ɗan abin nan da ake maƙala wa kyamara ya riƙa ba ta umarni, don in sauke ta in tsayar da ita a gefe, bayan farar lema. Jaka ba ta gudu, ba ta ƙifta ido, ba ta juya baya. Ba na buƙatar mai wayo irin taka da ke auna haske da kanta. Kada ka sayo mai tsada, ka ji. Ƙaramar ta ishe ni.

Ba daga sama na tsinto wannan ba. Na karanta har idona ya yi ja, tsofaffin mujallun mai littattafan bakin tasha da abin da na samu a waya, ƙamus a cinya. Kai ne ka ce in na buƙaci wani abu na sana'ar in faɗa maka. Na faɗa.

Ƙaninka,
Auta


Auta,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin jin kowa lafiya. Mu ma lafiya lau, yarinya ta fara zama. Ka gaida Umma da Baba, ka ce a ci gaba da sa mu a addu'a.

Na karanta takardarka daga farko har ƙarshe, har da tsakiyar, tunda ka ce ba na yi. Inda ka ce kada in sayo mai tsada sai da na maimaita. Ban san labarin aljihuna ya iso gida ba. In wani ya ce maka Yayanka ya gaza, ka ce masa har yanzu ni ke ciyar da gidana, kuma ba zan aika wa shagon mahaifina kayan wasan yara ba.

Ga filasha nan a kwali, irin wadda nake aiki da ita ce sak. Ita ke auna haske ta ba da daidai, ba sai ka tsaya lissafi ba. Da irinta na ɗauki manyan taruka, ba wanda ya taɓa dawo min da hoto. Maganar makunni da lema ka ajiye ta, wannan tarkacen masu situdiyo ne. Ka bar ta a kan kyamara, ka ɗaga kanta sama ta haska silin, hasken ya sauko a hankali kamar na hantsi. Farin silin ɗin shagon Baba ya fi duk wata lema da ka gani a mujalla. Ni na shafa masa fenti da hannuna kafin in taho, na san abin da nake faɗa.

Karatu abu ne mai kyau, amma mujalla ba ta taɓa ɗaukar hoto ba. Abin da babba ya hango, ka san sauran. Ka rage zafin kai.

Yayanka


Yaya,

Sallama da gaisuwa. Kowa lafiya, in ji Umma. Ta ce in gode maka, ta kuma sa maka albarka har bakinta ya gaji. Na gode. Tunda na sauke wannan nauyin, bari in yi magana.

Na ce a kawo min wuƙar yanka fata, ka aiko min da takobi, kana kuma jira in taka rawa. Wa ya yi zancen aljihunka? Na ce ƙaramar ta ishe ni ne don ita ta dace da aikin. Kai ka hango zagi inda babu, ka rama da tsada, ni aka bar ni riƙe da abin da ban tambaya ba.

Ka ji abin da mai wayon taka ta yi. Na ajiye baƙar jaka, ta dube ta ta ce duhu ya yi yawa, ta kwararo haske, jaka ta fito ruwan toka kamar ta shekara a rana. Na ajiye mai ruwan madara, ta ce haske ya yi yawa, ta janye, jaka ta fito kamar an wanke ta a kwata. Tebur ɗaya, wuri ɗaya, kowane hoto da kalar haskensa. A ɗakin taro wannan wayon yana da rana, don mutane na yawo, wani kusa wani nesa. A nan wayon nata ne cutar. Sai da na bi ɗan littafin cikin kwalin layi-layi na gano inda ake kashe mata wayon a saita ta da hannu. Mujalla ba ta ɗaukar hoto, amma mai karanta ta ya san maɓallin da kai ba ka taɓa dannawa ba.

To na kashe, haske ya tsaya wuri ɗaya. Amma tana nan maƙale a kan kyamara kamar kaska, tunda ka ga makunni tarkace ne. Duk inda na tsaya daga nan hasken ke fita, ya daki fata ya dawo min a ido. Na ɗaura mata farin ƙyalle a baki, tabon ya ɗan yi laushi amma yana nan. Na juya kanta wajen bango, ka san bangon, siminti ne da fatu a rataye, ya haɗiye hasken bai ce uffan ba.

Maganar silin kuwa, ba zai yi ba. Kada ka tambaye ni dalili. Ba zai yi ba kawai.

Na nuna wa Baba mai dama-dama a cikinsu. Ya ɗauki jaka ya fita ƙofa kamar yadda yake yi in zai duba launi, jaka a dama, waya a hagu. Ya daɗe. Da ya dawo ya miƙo min wayar, ya tambaye ni ko har yanzu ina tune da yadda ake shafa gam. Maƙwabcinmu tela na zaune a wurin, ya yi dariya har da buga cinya, wai ga sabuwar fitila ga tsohon duhu. Na buɗe baki zan ba shi daidai da shi, Baba ya kalle ni.

Mai Kanti ta aiko cewa ba za ta riƙe wa Baba wuri a shafinta har abada ba, akwai wani mai jaka da ke bin ta da hotuna tas-tas. Jakunkuna sun kusa kammala. Ka aiko min da makunnin. Na zaga kasuwarmu kaf ina neman wanda zai dace da wannan filashar, masu kayan waya suna kallona kamar na tambayi nonon kaza. A wajenku akwai shagunan kyamara. Ba roƙo nake ba, gyaran ɓarnar da ka yi nake nema.

Auta


Yaya,

Gaisuwa. Lafiyar kowa tana nan yadda ka saba ji.

Direba ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, hannu rabbana. Ya ce ya ba ka takardar hannu da hannu, ka karanta a gabansa, ka ninke ka sa a aljihu, ka ce a gaida gida. Na kira, ka bar waya tana ta kuka. To na gane. Fushi kake don ƙaninka ya ce shawararka ba za ta yi ba, kana jira in sha ƙasa in dawo in ce Yaya kai ne mai gaskiya.

To ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Babu silin.

Ka maimaita, tunda kana son maimaita karatu. Silin ɗin da ka shafa wa fenti da hannunka ya rufto tun daminar da ta biyo bayan tafiyarka. Ashe kwano ya daɗe yana yoyo ta sama ba mu sani ba, ruwa ya jiƙa shi ya yi nauyi, wata safiya ya sauko gaba ɗaya a kan teburin yanka. Allah ya taimaka Baba ya fita raka baƙo. Fatu da yawa sun lalace. Ni da tela muka kwashe ɓaraguzan. An toshe yoyon, amma silin ba a mayar ba har yau. In ka ɗaga kai yanzu kwano mai tsatsa za ka gani, da katakon rufi, da yanar gizo. Kada ka ce ban gwada shawararka ba, na gwada. Hasken ya hau can ya ɓace, ɗan abin da ya sauko ja ne, ya mai da jakar madara kalar bulo.

Umma ce ta hana a faɗa maka. Lokacin Anti na fama da laulayi. Ta ce wanda ke nesa labari mai daɗi ake aika masa, don in ya ji mara daɗi ba abin da zai iya sai ƙaruwa da damuwa. Ta sa na yi mata alkawari. Shi ya sa duk sanda ka kira Baba ta bidiyo yake fitowa ƙofa, kai kana zaton sabis yake nema.

Yau na karya alkawarin, kai ka jawo. Kana can kana ba da umarni a kan shagon da babu shi sai a cikin kanka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kai kuwa ko sau ɗaya ba ka zo ka ɗaga kai ba.

Baba yana kan jakar ƙarshe. Ranar da ya zare allura daga jikinta, tawa ta ƙare.

Auta


Auta,

Ba zan tambayi lafiyarku ba, tunda na gano amsar a rubuce take tun kafin in tambaya.

Silin ya faɗo a inda mahaifina ke wuni, aka ɓoye min kamar baƙo. Kai da bakinka ba ya iya riƙe komai, wannan kaɗai ka iya riƙewa. Ka rubuto min wai ba zai yi ba, kada in tambaya. Me kake so in ɗauka in ba raini ba? E, fushi na yi, da gangan kuma na yi shiru, ina jira ka gwada ka gani. Da ka faɗa tun a takardar farko da ba mu ɓata wannan lokacin ba. Zan kira Umma. Ba zan ce kai ne ba, ko da yake ta san ba ta da wani ɗa mai irin bakin nan.

Na tambayi makunnin. Wanda ya dace da ita sai an yi odarsa, ba zai iso kafin Baba ya gama ba. Na sa a kawo. A kan wannan ka fi ni gaskiya, kaya ba mutane ba ne, ni kuma ban taɓa ɗaukar jaka ba. Kada ka saba jin haka daga bakina.

Kafin nan ka saurara. Filasha ba ta san silin ba, fari ta sani. Na taɓa shiga wani ɗakin taro mai baƙin rufi, shugaban kamfani zai miƙa kyauta, ba inda zan jefa haske. Sai ga wani ƙaton mai raba abinci da farar riga a gefena. Na juya kan filasha na haska bayansa. Hoton nan har yau yana rataye a ofishinsu, bawan Allah bai san ya yi aikin lema ba. Ka karɓi zanin gado wajen Umma, fari sol, ba mai fure ba. Ka ɗaura igiya a gefen tebur ka shanya shi kusa da jaka, ka juya kan filasha gefe ta haska zanin, ba jakar ba. Ka kashe doguwar fitila, ka rufe taga, don in haske biyu suka haɗu launi ke shan wahala. Sauran lissafin naka ne, kai ne malamin maɓalli.

Sannan ka zauna ka rubuto min duk abin da ya rage ban sani ba. Duka nake nufi.

Yayanka


Yaya,

Sallama. Umma lafiya, sai dai ba ta yi min magana tun da ka kira ta, abincina ma a bakin ƙofa take ajiyewa. Ni lafiya. Baba kuwa, ka karanta har ƙarshe.

Zanin ɗauka na yi ba tambaya, tunda ba a magana da ni. Na shanya shi yadda ka ce. Hoton farko gefe ɗaya ya yi kyau, ɗayan ya yi duhu, sai na yanko farin kwali na jingina a can ya riƙa maido da hasken. Wannan ba kai ka faɗa ba, a mujalla na gani. Na rage ƙarfi, na ƙara, har na samu inda ya zauna. Yaya, jakar zuma ta fito zuma. Tabon nan ya tafi. Har ƙananan ramukan jikin fata ana gani, kamar ka miƙa hannu ka shafa. Na zauna a ƙasa ina dariya ni kaɗai.

Sai na ƙara girman hoton don in duba gefe-gefe, dariyar ta tsaya. Hasken gefe ba ya rufa asiri. Kowane zare ya fito da 'yar inuwarsa, sai ga layin ɗinkin da ke bin bakin jaka yana tangaɗi, nan ya matse, can ya buɗe, kusa da hannu ya sauka daga hanya ya dawo. Na ɗauko ta biyu, haka. Ta uku ta fi muni. Ɗinkin Baba fa, Yaya. Mutumin da ya taɓa sa ka farke jaka sukutum don allura ɗaya ta kauce.

Da haske na dukan jaka ta gaba duk wannan ba ya fitowa. Ni ma da nake wuni a shagon ban lura ba, launi nake bi. Na zagi filasharka, na zagi zanin. Na kuma san mafita: in mayar da zanin bayana, hasken ya zo ta gaba, launi ya tsaya daidai, ɗinki ya lafe. Na ma gwada, ya yi kyau. Baba zai ce e, Mai Kanti za ta ce e, sai jaka ta isa hannun wata mai ido ta dawo da ita, a sake dire masa a tebur a gaban tela.

Na goge wannan. Na kai wa Baba na hasken gefen.

Ya fita ƙofa da jaka da waya. Ya kai su kusa da fuskarsa, kusa fiye da yadda na taɓa lura yana yi. Ya ce, "Wannan ita ce." Da na yi shiru a nan da na ci. Sai na sa yatsu na buɗe masa wajen hannun jakar har zare ya yi kaurin igiya.

Da fari ya ce gilashin kyamara ne ke lanƙwasa abu. Na ce a'a. Ya ce to hannuna ne ya girgiza. Na ce kyamarar a kan ƙarfe mai ƙafa uku take, Baba. Ya ɗaga murya, abin da bai yi ba ranar da aka dawo da jaka, ya ce yaron da bai iya riƙe basilla ba ne zai koya masa layi. Ban amsa ba, ka rubuta wannan ka ajiye. Can sai ya ajiye wayar, ya rufe ido, ya bi ɗinkin da babban yatsa daga wannan kusurwa zuwa waccan. A wajen hannun yatsan ya tsaya. Ya koma baya ya sake bi.

Bai dube ni ba ya tambaya ko duka haka suke. Na ce yawanci.

Umma na tsaye a ƙofar shiga gida, ita ta sani. Ashe ta daɗe tana zura masa zare a allurai da safe kafin mu buɗe, ta jera masa a kan ƙyalle, ni kuma ta ce min hannunta ne ba ya son zama. Ya gaya mata dishi-dishi yake gani amma zai wuce, ta yarda don tana so ta yarda. Ga amsar tambayarka nan. Ni ma sai yanzu na sani, kada ka haɗa da ni.

Baba ya ɗauki 'yar wuƙa ya fara farke jakar zuma a gabanmu. Na ce Mai Kanti na jira. Ya ce ta jira, in ba za ta iya ba Allah ya haɗa kowa da rabonsa, amma jaka ba za ta fita da wannan layin ba. Na je na same ta da kaina. Ta yi tsaki, ta daɗe tana kallon hoton zumar, sannan ta ce ta ƙara mana lokaci kaɗan, kaɗan fa.

Kyamara ta zauna. Daga yau ba jakar da za ta bar shagon sai ta tsaya gaban zanin, an buɗe wa Baba hoton ya bi layi da kansa. Yanka da rini da haɗi nasa ne. Layin waje da ido ke gani kuwa ni zan riƙa yi, yana zaune kusa da ni yana bi da yatsa. Ka ga irin nasarata, na tsere wa gam na faɗa basilla. Yatsuna duk sun huje, rubutun nan ma da ƙyar. Jiya ya sa na farke layi ɗaya har na daina ƙirgawa, tela na gefe yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba.

Na yi masa maganar asibitin ido, ya ce in kula da layina. Umma ta yi, ya ce mata zai duba. Ni auta ne, maganata iska ce a kunnensa. Kai ne babba, to ranar girman ta zo. Kada ka aiko da shawara, kada ka ba direba kwali. Ka sa makunnin a aljihu ka hau motar da kanka, ka zo ka riƙe hannun mahaifinka ka kai shi.

Auta